Kacici-kacici da wasan kura, akuya da harawa: ba abu ɗaya ba ne

'Yar uwa, na ga tambayarki ta jiya. Kin ce yaronki ya dawo daga makaranta da wasan nan na mutumin da zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, kwale-kwalensa ba ya ɗaukar sai shi da abu ɗaya, kuma ke da kika tashi a gaban kaka kina cinye kowa a kacici-kacici sai ga shi ya tsaya miki. Kika ce wai ba duk wasa ƙwaƙwalwa ba ne, kuma wanne ya fi amfani ga yara a wannan hutun. Toh gaskiya ba ɗaya ba ne, kuma tsaya mikin da ya yi ba wai kaifinki ne ya ragu ba, wani ɓangaren tunani ne daban yake nema.

Mu fara da namu na gida. In aka ce miki baba na ɗaka gemu na waje, amsar ba ta cikin kalmomin, tana cikin abin da idonki ya taɓa gani, wato wuta tana ci a ɗaki hayaƙi yana fita ta saman jinka. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Rawanin baba ya faskari naɗi, hanya. Kowanne hoto ne aka lulluɓe da magana, aikinki ki yaye lulluɓin, kuma sai kin san rayuwar da aka ɗauko hoton a cikinta. Yaron da bai taɓa ganin an hura wuta a ɗakin kara ba, gas kawai ya sani, zai daɗe bai gano gemun baba ba ko da kuwa shi ke zuwa na ɗaya a aji. Sannan akwai wani abu, amsar kacici-kacici al'ada ce ta tsayar da ita. Yaro zai iya cewa rawanin baba kogi ne, kuma in kin duba kogin ma ba ya naɗuwa, amma za a ce masa a'a hanya ce, shikenan magana ta ƙare. In ya gagare shi ya ce na ba ka gari, a faɗa masa, ya riƙe, gobe shi ma ya yi wa wani. Jin amsar ba ya ɓata wasan, ta haka ma ake gadonsa.

Shi kuwa wasan kura da akuya duk abin da kike buƙata yana cikin tambayar. Ba sai kin taɓa ganin kura ba, ba sai kin taɓa shiga kwale-kwale ba. Dokoki biyu ne kawai: kar a bar kura da akuya su kaɗai, kar a bar akuya da harawa su kaɗai. Shi ya sa wasan ya zagaya duniya ana sauya masa kaya. Yana cikin wani tarin tambayoyi fiye da 50 na Latin da ake jingina wa Alkuwin, malamin nan ɗan garin York na Ingila da ya koyar a fadar Sharliman, babban sarkin nan na Turai (shi Alkuwin ya rasu a shekarar 804), a can kerkeci ne da akuya da kabeji. Mu muka sa kura da harawa, wasan bai canza ko kaɗan ba. Ki gwada mayar da ƙulun ƙulufit wani yare ki gani, babu abin da zai rage.

Ga yadda ake warware shi, amma dan Allah kar ki nuna wa yaron. Tafiyar farko dole akuya ce, don in kin ɗauki kura akuya ta cinye harawa, in kin ɗauki harawa kura ta cinye akuya, kura kuwa ba ruwanta da harawa. Kin kai akuya kin dawo ke kaɗai. Kin ɗauki kura kin kai. A nan ne kusan kowa yake maƙalewa, na tabbata ke ma nan kika tsaya, don in kin bar kura da akuya a can an yi ɓarna, kuma zuciya ba ta kawo wa mutum cewa ai an yarda ya dawo da abin da ya riga ya ƙetarar. Babu dokar da ta hana, mu ne muke ƙaƙaba wa kanmu ita saboda muna ganin komawa baya asara ce. Sai ki dawo da akuya, ki ajiye ta, ki ɗauki harawa ki kai wa kura, ki dawo ke kaɗai, ki ɗauko akuya. Ƙetarawa 7 ke nan, kuma ba a iya yi a ƙasa da haka. Hanya ta biyu ita ce ki fara kai harawa kafin kura, ita ma 7 ce.

Kin ga bambancin a fili. A kacici-kacici tsalle ɗaya ne, ko hoton ya faɗo miki ko bai faɗo ba. A wannan kuwa taki-taki ne, kowane taki kina iya duba shi ki ce wannan ya halatta wannan bai halatta ba, kuma ba kya buƙatar kowa ya ce miki kin ci, da kanki za ki ga kowa ya ƙetare lafiya. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni game da shi, yaro ɗan shekara 10 zai iya tsayawa a gaban babba ya ce Baba ba haka ba ne, ga inda akuya za ta ci harawa, kuma a duba a ga gaskiyarsa cikin ladabi ba tare da gardama ba.

Akwai ɗan uwansa na jarka, shi ma ki ajiye wa yaron. Kina da jarka mai lita 5 da mai lita 3, babu zane a jikinsu, ga famfo, ana son lita 4 cif. Ki cika mai 5, ki juye a mai 3 har ta cika, saura 2 a babbar. Ki zubar da ta ƙaramar, ki juye 2 ɗin nan a cikinta, yanzu lita 1 kawai take nema ta cika. Ki sake cika mai 5, ki ƙarasa cika ƙaramar da ita, abin da ya rage a babbar lita 4 ne. Nan ma irin matsalar ɗazu ce, mutum ba ya son zubar da ruwan da ya riga ya ɗiba, alhali sai an zubar hanya take buɗewa. (In za ku gwada da ruwan gaske ku riƙa juyewa a bokiti, kar a yi almubazzaranci.) Abin da ya sa nake son wannan fiye da na kogin shi ne yana da ƙasa mai zurfi. In aka ba ki jarka mai 4 da mai 6 aka ce ki fitar da lita 3, ko za ki kwana kina juyi ba za ki samu ba, domin 4 da 6 duka suna rabuwa biyu, duk abin da kika ƙara ko kika rage tsakaninsu zai ci gaba da rabuwa biyu, 2 ko 4 ko 6. Su kuwa 3 da 5 babu lambar da ta raba su duka sai 1, shi ya sa za ki iya fitar da 1, 2, 3, 4 har 5. Ranar da yaro ya iya cewa wannan ba zai yiwu ba kuma ga dalili, ya wuce matakin cinka, ya shiga lissafi na gaske. Kacici-kacici ba shi da wannan ɗakin sam, ba a saba yin wanda amsarsa ita ce babu amsa ba.

Akwai kuma wanda yake tsakiya, na raƙuma 17 da ake yawan ba da labarinsa a majalisa. Uba ya ce a ba babban ɗa rabi, na tsakiya kashi ɗaya cikin uku, ƙarami kashi ɗaya cikin tara, kuma ba a son a yanka raƙumi. Wani mai hikima ya ara musu nasa suka zama 18, babba ya ɗauki 9, na tsakiya 6, ƙarami 2, jimla 17, ya ja raƙuminsa ya tafi. Wannan yana da ɗanɗanon kacici-kacici don dabarar aron raƙumin faɗowa take yi lokaci ɗaya, amma a ƙarƙashinsa lissafi ne, in kin haɗa rabi da sulusi da ɗaya bisa tara 17 bisa 18 suke bayarwa, ba su cika ɗaya ba, wannan giɓin shi ne raƙumin da ya koma wa mai shi. Ki dai faɗa wa yara wasa ne, ba ƙa'idar rabon gado ta shari'a ba ce, kar su haɗa.

Toh wanne ya fi? In tambayar ita ce wanne zai taimaka masa a lissafi da tsara tunani, na kogi da na jarka sun fi, ba na ko shakka, don suna koya wa yaro ya riƙe doka a ka, ya gwada, ya koma baya ba tare da jin ya faɗi ba. Amma ba zan taɓa ce miki ki ajiye kacici-kacici ba, kuma wannan har zuciyata nake faɗa. Yaranmu da yawa yanzu Hausar tasu ta tsaya a kawo ruwa da ina kwana, kacici-kacici kuwa yana sa su ji yadda harshen yake wasa, su san jinka da maɗauri da gauta, kuma abu ne na taro, ana yi ana dariya da daddare, ƙanwarsa 'yar shekara 5 ma za ta shiga. Na kogin ya fi son shiru da mutum ɗaya ko biyu, ƙananan sukan gaji da shi da wuri.

Inda za ki kula sosai shi ne wajen ba da amsa. A kacici-kacici in ya ba ki gari ki faɗa masa, babu asara. A na kura da akuya in kin faɗa masa kin ƙwace masa wasan gaba ɗaya, don zai haddace tafiya 7 ɗin ne kawai kamar karatu, kuma ba zai sake samun damar gano ta da kansa ba. Ki shimfiɗa ɗankwali a tsakar gida ya zama kogi, dutse ya zama kura, murfin kwalba akuya, tsinken tsintsiya harawa, murfin kwano kwale-kwale, ki bar shi yana turawa da hannunsa ko da zai kai gobe. In kin ga ya kai wajen nan da kura da akuya suka haɗu a tsallake ya rasa yadda zai yi har ransa ya fara ɓaci, tambaya ɗaya kawai za ki yi masa: wa ya ce dole kwale-kwalen ya dawo babu kowa a ciki?