Focusrite Scarlett 2i2 a kan Windows: direbanta na da kyau, amma kada a matsa masa

Scarlett 2i2, na'urar da ke shigar da sautin makirufo cikin kwamfuta ta kuma fitar da shi, ta zama ruwan dare a ƙananan situdiyo, kuma ingancin sautinta ba abin gardama ba ne a kan kuɗinta. Abin da ya fi damun mai ɗaukar murya shi ne direbanta, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta: yana riƙe sauti ba yankewa, kuma yana ajiye muryar daidai inda kiɗa yake?

A kan Mac babu dogon zance, Core Audio, tsarin sautin Mac, yana gane ta da an jona. A Windows kuwa dole a sauke direban ASIO (nau'in direban sauti mai rage jinkiri) na Focusrite daga shafinsu. A bar ASIO4ALL. Shi lulluɓi ne kawai a kan direban Windows na WDM, yana ƙara jinkiri, kuma idan aka haɗa shi da na'urori biyu, kowacce da agogonta, sannu a hankali sai su rabu, murya ta zame daga kiɗa.

Lissafin jinkiri mai sauƙi ne. Bafa ita ce yawan gutsattsarin sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa su. Bafa 128 a kan 48 kHz (gutsattsari 48,000 a sakan) milisakan 2.7 ne, 256 kuma 5.3. Wannan na hanya ɗaya ne. A ninka shi don shiga da fita, a ƙara lokacin juya sauti zuwa lambobi da ɗan tanadin da direba ke ɓoyewa. A 128 Scarlett tana zama daram a yawancin laftof masu matsakaicin ƙarfi, mawaƙi kuma ba ya jin muryarsa tana biyo shi a hedifon. A 32 ko 16 ne take fara tas-tas da zarar an loda filogin (ƙananan manhajojin gyaran sauti) masu nauyi. A nan na'urar kamfanin RME ta fi ta nesa ba kusa ba, amma kuɗin ma ba ɗaya ba ne. Idan aka zo haɗa sauti, a ɗaga zuwa 512 ko 1024, jinkiri ba ya cutar da kowa a lokacin.

Galibin ƙarar da ake ɗora wa Scarlett laifin kwamfuta ne. Wani direban, sau da yawa na Wi-Fi ko na katin hoto na Nvidia ko ACPI mai kula da batir, yana riƙe furosesa fiye da ƙima, bafa ta ƙare kafin a cika ta. Manhajar LatencyMon za ta nuna mai laifin cikin minti goma. A kashe Wi-Fi, a sa tsarin wuta a High performance, a hana Windows kwantar da tashar USB, a jona kai tsaye ba ta mahaɗa mai baki da yawa ba. A Kano ko Kaduna akwai ƙarin matsala: da an ɗauke wuta laftof ta koma batir, furosesa ta rage gudu, bafar da ke lafiya ɗazu ta fara yankewa. A gyara saitin batir shi ma.

Daidaiton lokaci kuwa gwada shi ake yi. A ja waya daga mafita zuwa mashiga, a kashe Direct Monitor (maɓallin jin mashiga kai tsaye), a ɗauki ƙarar metronom (bugun da ke ƙirga lokacin kiɗa), a zuƙo hoton sautin. Idan bugun ya sauka baya da layinsa, a shigar da bambancin a wurin gyaran jinkirin ɗauka na manhajar ɗauka, kamar FL Studio ko Cubase. Manhajar RTL Utility ma tana auna wannan. Duk lokacin da aka canza bafa ko aka koma daga 44.1 kHz zuwa 48 kHz, sai an sake gwajin.