Liƙa fayil a imel ko tura mahaɗin Drive: wanne ya fi dacewa?

'Yar'uwa, kin ce kin yi sikanin takardun karatunki suka kai MB 23, kika tura wa wata ma'aikata ta hanyar Gmail don neman aiki, sai saƙon ya dawo miki, alhali iyakar Gmail MB 25 ce. Kina tambaya ko ki sake liƙawa, ko ki ɗora a Google Drive, ma'ajiyar fayil ta intanet, ki tura musu mahaɗi, wato adireshin da za su latsa su buɗe shi.

Bari mu fara da abin da ya dawo da shi. Imel tun asali rubutu zalla aka gina shi ya ɗauka, don haka hoto ko PDF sai an mayar da shi haruffa kafin ya kama hanya. Tsarin da ke wannan aiki, Base64, yana mayar da kowane bait 3 (bait ƙaramin ma'aunin girman fayil ne) zuwa haruffa 4, wato fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku. MB 23 ɗinki kafin ya isa can ya haura 30. Sannan 25 ɗin nan faɗin ƙofarki ce ke kaɗai. Kin fita da buhu ta babbar ƙofa, kin je kin tarar zauren masu gida tsukakke ne. Gmail yana karɓar saƙo har na MB 50, Yahoo 25, iCloud 20, ita kuwa sabar Exchange, wato na'urar karɓa da aika imel da ofisoshi ke girkawa da kansu, da MB 10 take zuwa, sai in mai kula da ita ya ƙara. Duba saƙon da ya dawo: in kin ga lamba 552, galibi girman ne ya yi yawa.

To, liƙawa. Abin da kika liƙa ya zama nasu. Jami'in zai buɗe nan take, ya buga a takarda, ya tura wa 'yan kwamiti, ba tare da neman izinin kowa ba, kuma ko bayan shekara yana nan cikin akwatinsu. Aibinsa dai shi ne iyakar nan, da kuma cewa in ya tafi ya tafi, ba gyara.

Mahaɗi kuwa ba shi da nauyi, domin fayil ɗin yana zaune a Drive ɗinki, adireshinsa kawai kika aika. Google yana ba kowa GB 15 kyauta, wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, kuma in fayil ya wuce MB 25, Gmail da kansa yake mayar da shi mahaɗi. Amma a nan gizo ke saƙar. In kin ba mutum ɗaya izini, ya tura wa abokin aikinsa, shi wancan zai tarar an kulle, sai ya nemi izini ya jira ki. Mai tulin takardun masu neman aiki a gabansa ba zai jira ba, na gaba zai buɗe. In kuma kika bar shi a buɗe ga duk mai mahaɗin, to takardar haihuwarki da lambarki ta NIN suna hannun duk wanda ya tsince shi. Ranar da kika goge fayil ɗin don samun wuri, mahaɗin ya mutu. Ga shi wasu ofisoshin suna gargaɗin ma'aikatansu kada su latsa mahaɗin baƙo saboda 'yan damfara, kuma ban ga laifinsu ba.

Ni dai a neman aiki liƙawa nake zaɓa, amma bayan an rage wa fayil ƙiba. Koma wurin mai sikanin ki ce ya yi miki a dpi 150 ko 200 (dpi shi ne ma'aunin kaifin hoton sikanin), baƙi da fari, sai fasfo kaɗai a bar shi da kala. Kada ki wahalar da kanki da zip, wato matse fayil don ya ƙanƙance: hoton JPEG a matse yake zuwa, abin da zai ragu bai taka kara ya karya ba. Ki yi ƙoƙari duka su dawo ƙasa da MB 5, in kuma sanarwar aikin ta faɗi nata adadin, shi za ki bi. Mahaɗi ki bar shi sai ranar da za ki tura wa dangi bidiyon biki.

Kafin ki aika musu, fara tura wa kanki, ki buɗe a waya ki ga ko hatimi da sa hannu suna karantuwa.