Kwafin zanen Lojacono guda biyu da na saya a Falamo, ɗaya ya yi ɗaya kam asara

Jama'a duk wanda zai sayi kwafin zanen Francesco Lojacono, mai zanen nan ɗan Italiya, don Allah ya fara zuwa ya ga na ainihin da idonsa tukun. Ni sai da na shiga gidan adana zane-zanen zamani na Falamo (Palermo, a Italiya), wanda ke tsohon ginin 'yan coci na Sant'Anna, na tsaya gaban Veduta di Palermo ɗin nan nasa na 1875, wato zanen garin Falamo, wallahi rana ce kawai mutumin ya kamo ya zuba a kan yadi, ga dutsen Pellegrino can nesa kamar cikin hazo, har sai ka ji kana son ƙanƙance ido. Ashe ba banza ba 'yan garinsu suke ce masa ɓarawon rana.

To da na fito sai na faɗa wani ɗan shago a cikin lungu, na sayi kwafinsa kala biyu, ɗaya a kan yadi mai sheƙi ɗaya a takarda mai kauri marar sheƙi. Mai shagon dattijo ne mai kirki, ya naɗe min su cikin kwali dogo yadda ba za su karye a jaka ba, kuma bakinsa bai yi shiru ba, shi ya ba ni labarin cewa Lojacono ɗan gado ne, babansa Luigi ma mai zane ne, shi Francesco an haife shi 1838 ya tafi birnin Napoli 1856 ya koyi aiki wajen masu zane 'yan gidan Palizzi, ya ajiye burushi ya bi Garibaldi, jagoran yaƙin haɗe kan Italiya, yaƙi a 1860 har aka ji masa rauni, daga baya ya koyar a makarantar zane ta Falamo, ya rasu 1915. Na duba daga baya, duk haka ne.

Amma fa na yadin nan bai yi ba sam, kuma shi ya fi tsada. Injin buga shi ya cika masa ruwan ɗorawa, hasken nan fari mai ƙura da ya sa zanen ya yi suna ya koma kamar an shafa masa manja, sararin sama ya yi shuɗi raɗau irin na kalanda, dutsen kuma ya matso kusa, nisan duk ya tafi. Ga sheƙin, da ka kunna fitila kwan fitilar kake gani ba zanen ba. Sun ma ɗan yanke gefe don ya shiga firam ɗinsu.

Na takardar shi ne ya rufa min asiri, kalarsa a kwance take, hazon nan ya fito, ko da yake sawun burushi babu shi, wannan kam dole. Shi na sa a firam na rataye, na yadin yana bayan kabad har yau.