Ƙaramin asibitin da ke zama ya yi maka bayani

Hawan jini ne ya haɗa ni da wannan ƙaramin asibiti, bayaninsu kuma shi ya sa nake komawa. Likitar ba ta rubuta magani ta sallame ka haka nan. Ta nuna mini cewa awon da ke tsayawa a 140/90 ko sama shi ne hawan jini, kuma sau da yawa ba ya nuna alama, kana jin garau alhali zuciya da ƙoda suna shan wahala. Ta ja mini kunne kada in daina shan amlodipine, maganin hawan jinin, don na ji sauƙi. Ta kuma faɗa mini tun da wuri cewa yana iya kumbura ƙafa, shi ya sa da idon sawuna ya ɗan tasa ban firgita ba.

Takardar da suke ba ka ka tafi da ita gida ma tana da amfani: gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara. Sai dai rubutun ƙanana ne ƙwarai, dattijo sai da tabarau. Layi kuwa, ranar Litinin sai ka zo da haƙurinka.