GARGAƊI: Miliyan 9 da rabi na biya, ashe gidan Ikorodu ba na mai sayarwar ba ne

Kwana uku ina rubuta wannan abu ina gogewa. Kunya ce ta hana ni saki, don na san akwai masu cewa ai Alhaji ne ya yi sakaci. To ku faɗa. Gara a yi mini dariya da a ce gobe wani ɗan uwa ya sake faɗawa hannun mutanen nan.

Naira miliyan 9 da dubu 500. Kuɗin albasa ne na shekara da shekaru a kasuwar Mile 12, haɗe da kuɗin gonar da na sayar a gida. Miliyan 9 da rabi, jama'a.

Shekarata 17 a Legas ina zaman haya a Ketu, ɗaki biyu da falo, ni da iyali. Kowace shekara sai mai gida ya ƙara kuɗi. Kuma kowa ya san yanzu Ikorodu ake komawa. Tun da motocin BRT suka fara zuwa can daga Mile 12 a 2015, wuraren da muka sani daji ne duk sun zama unguwanni, daga Agric har Igbogbo da Ijede. Ga kamfanin shinkafar da aka buɗe a Imota a 2023. Wanda ya ce neman gida a can wauta ce, bai san garin ba.

Dillalin Bahaushe ne. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Sahu ɗaya muke sallah, ya fi shekara huɗu. Bayan sallar isha'i ya ja ni gefe, ya riƙe hannuna, ya ce akwai kango mai ɗaki uku a wajen Igbogbo, an kai ginin linta har an wuce, rufi kawai ya rage, mai shi yana cikin matsi. Na ce masa, "Malam, ka san fa halin filin Legas." Ya ce, "Alhaji, in na cuce ka, ina zan kai fuskata a masallacin nan?" Wallahi har yanzu in na kwanta maganar nan nake ji. Ina zan kai fuskata. Hannuna yana cikin nasa lokacin da ya faɗa.

Kuma kada wani ya ce ban bincika ba. Sau uku na je gidan. Mutumin da aka ce shi ne mai gida da makulli ya buɗe mana ƙofa, ba fasawa ya yi ba. Matar da ke sayar da burodi a bakin layin har rusunawa ta yi ta gaishe shi. Ya nuna mini rasit na dangin masu ƙasa, da takardar safiyo mai hatimi, da yarjejeniyar saye. Na tambayi takardar shaidar mallaka ta gwamnati, ya ce tana Alausa, inda ofishin filaye na gwamnatin Legas yake, ana aikinta. Ni da nake gane ruɓaɓɓiyar albasa a cikin buhu tun ba a kwance ba, ni za a ce ban da ido?

Ranar Talata na tura miliyan 7. A'a, Laraba ce, don ranar motata ta iso daga Aliero. Kafin nan na riga na ba da miliyan 2 kafin alƙalami, a hannu, a gaban dillalin. Dubu 500 kuma la'ada da kuɗin lauya. Lauyan ma su suka kawo shi, nan ne kawai zan yarda na yi kuskure. Miliyan 9 da rabi ke nan cif. Ban ma sa dubu 350 da 'yan omo onile, wato masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce, suka karɓa ranar da kafinta ya hau rufi ba, ban sa kuɗin kwano da katako ba.

Na manta ban faɗa ba, Yayana ya hana ni. Tun kafin miliyan 2 ɗin ya ce, "Ka je Alausa da kanka a duba maka, kwana nawa ne?" Na ce masa, "Yaya, an ce akwai wani da zai kawo kuɗi ranar Juma'a." Babu wani mai kawo kuɗi. Ko kuma akwai, don daga baya wata mata ta fito da rasit irin nawa sak, ita ma gidan aka sayar mata.

Rufi ya kai rabi wata baiwar Allah ta zo da maza biyu, ta ce wa ya ba mu izinin taɓa gidan wanta. Wan nata yana Ingila. Wanda ya sayar mini ɗan tsaron gida ne kawai, an bar masa makulli yana share ciyawa. Shi ya sa mai burodi take gaishe shi! Ta buɗe jaka ta fito da takardunsu har da sa hannun amincewar gwamna. Ni kuma da na kai tawa takardar wurin wani safiyon, ya duba lambobin ya ce wannan ai wani fili ne can daban, cikin fadama.

Mun riga mun kai yara sun ga gidan. Ƙaramar 'yata ta rubuta sunanta da gawayi a bangon ɗakin da ta zaɓa. Uwargida ta gaya wa danginta za mu tare bayan sallah. Har yau na kasa haɗa ido da ita sosai.

Ɗan tsaron ya ɓace, wayarsa a kashe. Dillalin kuwa da na same shi sai ya ce shi ma cutarsa aka yi, in ɗauki ƙaddara. Na ce, "To Malam, dawo mini da la'adar." Sati uku ke nan bai sake taka masallacin ba. Ga inda ya kai fuskar tasa.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma ɗauki lauya nawa na kaina. Shi ya gaya mini akwai dokar Jihar Legas ta 2016 da ta haramta sayar da gida ko filin da mutum ba shi da iko a kansa. Hotunan hirarmu ta WhatsApp, da shaidar tura kuɗi, da rasit ɗin, duk suna nan, zan saka su da zarar lauya ya ce in saka. Sunaye ma haka.

Makulli ba shaida ba ne. Kada ka biya ko sisi sai ka je Alausa da lauyanka da safiyonka, ba nasu ba. In an ce maka wani zai kawo kuɗi Juma'a, ka ce ya kawo.

Kwanona yana can a kan gidan wani, kuma ƙarshen watan nan hayar Ketu take ƙarewa. Miliyan 9 da rabi. Allah ya isa.