Bitamin C ko bitamin E da seleniyam: wanne ya fi wa maraƙi a bazara?

Malam, ka ce maruƙanka na Azawak a Tahoua suna haki da rana, sun rage ci, wani ya ce ka zuba musu bitamin C a ruwa, wani kuma ya ce bitamin E da seleniyam, wato wani ma'adini da jiki ke buƙata ɗan kaɗan. Shekarun maraƙin ne za su raba gardamar.

Aikinsu kusan ɗaya ne. A Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, jikin dabba yana tara wasu sinadarai masu cin ƙwayoyinsa kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Waɗannan bitamin da seleniyam su ke tare ɓarnar.

Bitamin C ta baki tana amfanar jaririn maraƙi mai shan nono, wanda tumbinsa bai fara aiki ba, hantarsa kuma ba ta kai ga haɗa isasshiya ba a makonnin farko. Amma da zarar ya fara tuƙa, ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbi suna lalata mafi yawanta kafin ta shiga jini, ga shi hantar sa tana yin tata. A nan kuɗinka ne ke tafiya a banza.

Bitamin E da seleniyam su na fi ba ƙarfi ga maraƙin da aka yaye. Ɗanyar ciyawa ce ke ɗauke da bitamin E, kuma kai ma ka san tun bayan kaka maruƙanmu ba su ga kore ba, sai kara da dusa da harawar da ta daɗe bisa rufin ɗaki tana shan rana. Saboda haka rashin na gaske ne. Su biyun suna tafiya tare: bitamin E tana tsare fatar ƙwayoyin jiki, seleniyam yana taimakon sinadarin da ke share dattin daga ciki. In sun yi ƙaranci sosai, naman jikin maraƙi yakan raunana har ya kasa tsayuwa.

Sai dai ina roƙonka, kada ka auna seleniyam da ido. Buƙatar ƴar kaɗan ce, miligiram 0.1 zuwa 0.3 a kilo ɗaya na busasshen abinci. In ya yi yawa guba ne: gashin wutsiya ya zube, kofato ya tsage, allurar da ta wuce kima kuwa tana kashewa. Bitamin C ba ta da wannan haɗari.

Duka biyun ba sa sanyaya jiki. Maraƙin da ke ɗaure a fili da azahar zai ci gaba da haki ko me ka ba shi. Abin da yake buƙata shi ne rumfa mai shan iska, ruwa a inuwa da ba ya yankewa, abinci da sassafe da maraice, sai ɗan ganyen zogale ko ɗanyar harawa in kana kusa da masu garka.

Kafin ka yi allura, ka kai wa likitan dabbobi takardar gishirin lasa ko garin haɗin da kake ba su, domin wasu akwai seleniyam a ciki tun asali, kuma ka faɗa masa nauyin kowane maraƙi.