Cognac da Armagnac: Ina Suka Rabu?

Yaya, ka ce ka ga kwalabe biyu a shagon filin jirgin Paris, ɗaya Cognac ɗaya Armagnac, launinsu ɗaya, shin suna ne kawai ya bambanta? A'a. Dukkansu barasar inabi ce da ake tacewa ta hanyar tururi a ajiye a gangar itacen oak, kuma duka sunayen wurare ne a Faransa, amma kowace da hanyarta.

Cognac gari ne a bakin kogin Charente, yammacin ƙasar. Wannan kogin shi ya yi mata rana, domin ta nan 'yan kasuwar Holan da Ingila suke kwasar kaya zuwa teku. Shi ya sa manyan kamfanoni suka kafu da wuri: Martell a 1715, Hennessy a 1765. Har yau kusan duk abin da suke yi waje ake fitarwa. Sau biyu ake dafa ruwan inabin a tukunyar jan ƙarfe, ya fito fari fat kamar ruwan sha, ƙarfinsa wajen kashi 70 cikin ɗari. Gangar ce ke ba shi launin zuma, kuma doka ta ce sai ya yi aƙalla shekara 2 a ciki. Wanda aka rubuta wa XO, wato alamar wanda ya daɗe sosai, kuwa sai shekara 10, tun 2018. In ka ratsa garin za ka ga bangon rumbunan ya yi baƙi ƙirin kamar gobara ta taɓa shi. Wata irin fumfuna ce da ke rayuwa da tururin da ke tsira daga gangunan.

Armagnac tana can kudu, yankin Gascony, nesa da tashar jirgin ruwa. Ita ce babbar ya, don tun 1310 aka rubuta labarinta, amma ƙanwar ta fi ta suna. Yawanci sau ɗaya ake tace ta, ƙarfinta bai kai na waccan ba, sai ƙamshin inabin ya fi zama a ciki. Sana'ar ƙananan manoma ce. Wasu ba su ma da injin tacewa, sai a jawo na haya daga gona zuwa gona lokacin sanyi, kamar yadda mai injin casa ke zagaya ƙauyuka bayan girbi. A kwalbarta kuma kakan ga shekarar da aka girbe inabin, abin da ba kasafai Cognac ke yi ba, domin masu yin Cognac gauraya ganguna masu shekaru daban-daban suke yi.